Awon Wanda Ya Tafi

Babu hukuncin da ya kai zaɓen tela nauyi a rayuwar magidanci. Alƙali in ya yi kuskure, akwai ɗaukaka ƙara. Likita in ya yi, ƙasa ta rufa masa asiri. Kuskuren tela kuwa a jikinka za ka rataya shi, ka ratsa gari kowa na kallo. Shekara talatin ina koyarwa a Ƙauran Namoda, ban ga wannan a manhaja ba. A bakin murhun kakata na koye shi, a Zurmi.

Inna Kulu muke ce mata. Da an kwashe tuwo sai ta hana a kashe wutar, ta tura guntayen kara, ta binne gyaɗa a toka. Mu jikoki mu kewaye ta, gabanmu na gasuwa, bayanmu na shan sanyi. Ni take kira maigida, kuma ba ta buɗe tatsuniya sai ta taɓa ni.

"Matsa can, maigida. Miji ba cefane, sai tare wuta."

Akwai wadda take yawan maimaitawa. Wata mata ce mijinta ya tafi fatauci shekara bakwai. Da ta ji ayarinsu na hanya, sai ta ɗauki saƙi da tsohuwar rigarsa ta nufi maɗinki, don ta tare shi da sabuwa. Maɗinkin ya shimfiɗa rigar, ya auna da kamu, ya ce ta dawo Juma'a. Matar ta naɗe kayanta ta fita. Sai a Shinkafi ta sami wani tsoho wanda ko kallon rigar bai yi ba. Tambaya ya shiga yi: yaushe ya tafi? A ƙasa yake tafiya ko bisa jaki? In ransa ya ɓaci, ci yake ko ƙin ci? Sai da rana ta karkata ya ɗauki almakashi. Miji ya iso, riga ta zauna kamar da ita aka haife shi.

"Inna, to yaya aka yi ya sani?"

"Kai dai ba ka da kai, maigida. Tsohuwar riga awon wanda yat tahi ce. Ita ko wanda ka zakkuwa taka jira."

Bara ɗana Bashir ya sami ƙarin girma a Legas, a irin ofishin da ake sa shat mai kwala da dogon hannu. Shekara biyar rabonsa da gida, tun rasuwar mahaifiyarsa. Ni na hana shi zuwa, saboda halin da hanya take ciki, shi kuma ya yi mini biyayyar da ta fi ƙarfin abin da na nema. Wayarmu ba ta wuce minti biyu: lafiya lau, aiki da godiya, a gaida mutanen gida. Mutanen gidan ni ne. Sai na ce bari in ɗinka masa shat uku, ko yadi zai faɗi abin da baki ya kasa.

Na ciro tsohuwar shat ɗinsa daga akwatin mahaifiyarsa. Telan farko gwanin kaftani ne, ya ɗora tef ya ce, "Malam, jibi." Na naɗe yadina na fita, ina jin kaina mutumin cikin tatsuniya. A wajen tashar jirgi na sami wani tela, Oga Sande, mutumin kudu, wanda ya daɗe a garin har Zamfarancinsa ya fi na ɗalibaina.

"Malam, wagga riga ta yaushe ce?"

"Shekara biyar."

"Ya yi aure?"

"Ya yi."

"Zaune yaka wuni ko tsaye? Yana son nama? Kai da kag girma tumbi kay yi, ko haka kake tun hwarko kamar sandar makiyayi?"

Na amsa duka, har da waɗanda bai tambaya ba. Na gaya masa Bashir bahago ne, yana naɗe hannun riga in zai yi rubutu, kuma tun yana firamare ba ya son abin da zai shaƙe masa wuya. Oga Sande ya ƙara rabin inci a kwala, uku a ciki.

"Aure da kujera, Malam, ba mai tsira."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Inna darasi ce kan gwanintar maɗinka. A bencin shagon Oga Sande na fara zargin matar ba gwani ta je nema har Shinkafi ba. Shekara bakwai ba wanda ya tambaye ta yadda mijinta yake cin abinci, sai ga wanda ya zaunar da ita har yamma. Ni ma sai da aka kira la'asar na lura ban taɓa yin hirar Bashir mai tsawon haka da kowa ba tun da muka rage mu biyu.

Da aka gama ɗinki na ba wani direban Legas rigunan. Bayan mako guda hoto ya shigo wayata, da saƙo a ƙasa: "Sun yi kyau, Baba, Allah ya saka." Yana tsaye a bakin ofis cikin shuɗiyar, ya soke ta a wando, yadi ya taru a ƙugunsa, kwalar na iyo.

Ashe ramewa ya yi.