Ɗan Azumi da Gonar Gawo

Ranar da Ɗan Azumi ya fara dawowa daga cin rani a ƙasar Gwalkwas, can kudu bakin teku, da zane ya shigo Gaffati. Ba riga, ba hula. Zane dai irin na mata, sai dai ya fi girma, mai ratsin ja da rawaya, ya naɗe jikinsa da shi ya jefa gefe guda a kafaɗa, wai haka manyan maza suke yi a Kumasi. Da la'asar ya tafi gaida surukinsa, uban matarsa Jummai, ya tarar da shi zaune a ƙofar gida da dattawan unguwa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar lafiyar awaki. Ashe ya take bakin zanen da dunduniya. Da ya tashi, shi ya miƙe, zane bai miƙe ba. Sai ga shi tsaye gaban suruki da gajeren wandon leburori wanda ko gwiwa bai kai ba, ga faci a mazaunai. Tsohon ya ɗaga kai yana duban sama, ya tambayi na kusa da shi ko ba ya jin ƙanshin hadari.

Ni ina bayan darni ina leƙe. Na yi dariya har na zauna a kan ƙaya ban ji ba. Ni na kai labarin bakin rijiya, daga rijiya kuma mata suka kai shi kasuwar Damagaram.

Sunana Mamman. Darni ɗaya ya raba gidana da na Ɗan Azumi, kuma rana ɗaya aka yi mana kaciya, saboda haka ba abin da zai ɓoye mini. Ubansa ya rasu yana ƙarami, shi kaɗai ya haifa, ba wa, ba ƙane. Ƙanen ubansa, Baba Suma'ila, shi ya riƙe shi har ya yi masa aure. Abin da uban ya bari ɗaya ne, gona. Amma wace gona! Manyan gawo ne jere a tsakiyarta. Da rani shanun Fulani suna wuni a inuwarsu suna cin ƴaƴan, su bar masa taki ba da ko na gode ba. Da damina gawon ya kaɗe ganyensa, bai tare wa gero rana ba. Tawa gonar tana iyaka da tasa, rairayi zalla, gerona yana fitowa tsilli-tsilli kamar gemun ɗan akuya. In na tsaya a kan iyaka bayan ruwa ya zauna, gefe guda baƙi ƙirin don kore, gefe guda kamar an yi masa aski. Kullum a nan nake cin abincin rana, kuma kullum ba ya yi mini daɗi.

Tafiyar Gwalkwas ma tare muka nema. Wani ɗan kwamisho ne ya zo birnin Damagaram bayan kaka yana neman majiya ƙarfi da za su yi dakon buhuna a bakin teku. Muka je ofishin kumandan, Baturen mulki, mu biyu. Likita ya ɗora ƙarfensa a ƙirjina, ya ce yana jin kuka a ciki, in koma gida. Tarin ƙaiƙayi ne kawai na lokacin sussuka, kowa yana yinsa. Shi kuwa Ɗan Azumi, gajere kamar turmi, wuya kamar na bajimi, aka yi masa lamba a dantse, aka ɗauke shi hoto ido a zazzare, aka buga masa hatimi a takarda. Izinin rani ɗaya ne, ya yi aikinsa ya fita kafin wa'adi ya cika. Ya hau kamyo, babbar mota mai kai gyaɗa Kano, ni na hau jakina na dawo Gaffati.

Aikin da ya yi a Ankara, babban birnin Gwalkwas, in ka ji daga bakinsa, ka ce sarauta ce. Wai manyan jirage ba sa iya matsowa gaɓa, sai su tsaya can nesa. Su leburori su ɗauki buhun koko a ka, su shiga ruwa har ƙirji, su jefa a kwalekwale, igiyar ruwa tana marinsu. Wannan fa mutumin da kafin nan bai taɓa ganin ruwan da ba zai iya tsallakewa ba. Na ce da shi ai wannan aikin jaki ne, sai dai jakin ya fi shi wayo, don ba ya shiga ruwa. Ba wanda ya yi dariya. Suna can sun buɗe baki suna tambayarsa ko da gaske ruwan gishiri ne, kuma wa ya zuba. Kafin ya tafi, in na zauna gindin tsamiya ni ake kewayewa. Da ya dawo, sai in yi magana in ji muryata ita kaɗai.

Rani na biyu ya sake samun takarda. Ya dawo da fitilar ƙwai da gadon ƙarfe mai rumfa, an ɗauro shi gunduwa-gunduwa. Matata Lubabatu ta shiga yi wa Jummai barka, aka ce ta ɗan zauna ta ji. Ta dawo gida ta dubi gadonmu na kara, ta dube ni. Tuwon da ta yi a ranar da gudaji ya zo.

Abu ɗaya ne ban taɓa iya kama shi da shi ba: bai taɓa yin latti ba. Da an fara jin zafin bazara, sai ka gan shi ya sauko daga kamyo, ya share gonarsa, ya zauna jiran ruwa. Ya san abin da yake tsoro. A garinmu, gonar da ruwan shuka ya sauka mai ita ba ya nan, ba a barinta ta kwana banza, ana ba da ita aro ga wanda ya nema. Aro kuwa, bakinsa ne mai sauƙi. Ka shuka bana, ka ce ai ka zuba wahala, a bar maka baɗi, shekara ta uku ƴaƴanka sun fara ce mata gonarmu. Akwai gonaki a Gaffati da har yau masu su na asali sai dai su nuna da baki in sun zo wucewa.

To, rani na uku, shekarar da aka ce Gwalkwas ta zama Gana, bazara ta yi, babu Ɗan Azumi. Abokan tafiyarsa suka dawo, suka ce aiki ya yi yawa, ya ƙara kwanaki, wa'adin takardarsa ya wuce, kuma an ce an tsare shi a kan iyaka. Wani ya ce ya auri mai sayar da kifi. Wannan ban san wanda ya fara faɗa ba, amma na taimaka masa ya zaga gari.

Ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ake tona ƙasa har tsawon hannu a ga laima. Da safe na je wajen mai gari, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, gonar maraya za ta lalace, ni kuma maƙwabci ne, na fi kowa tausayinta. Ya dube ni. Ya ce shi ba ya ba da aron gonar da take da mai baki a kanta, in jira Baba Suma'ila ya dawo daga Dakusa, inda ya tafi ta'aziyya. In ya yarda, shi ke nan.

Laima ba ta jiran mai ta'aziyya. Na ɗauki sungumi da ƙwaryar irina na shiga gonar gawo. Na ce a raina, in tsoho ya dawo ya ga gero ya tsiro, bakinsa zai yi nauyi.

Abin da na yi tsammani shi ne Jummai ta fito da kururuwa. Ba ta yi ba. Da rana ta take, sai ga ta da ƙwaryar ruwa da ɗan gumba, ta ajiye gindin gawo.

Ta ce, “Sannu da aiki, Yaya Mamman. Allah ya ba da lada.”

Na ce ai zumunci ne. Na sha ruwan, na ji sanyinsa har cikin raina. Na ce lallai matar nan ta fid da rai da mijinta.

Gero ya tsiro, ban taɓa ganin irina ya yi haka ba. Baba Suma'ila ya dawo, na aika masa goro, ya karɓa, ya ce ƙafarsa tana ciwo, za mu yi magana in ya ji sauƙi. Ban matsa masa ba. Na yi cira, na kama noman fari. Ciyawar gonar gawo ba irin tawa ba ce, ita ma takin take ci, sai ka sa ƙarfi biyu. Tawa gonar na bar wa Lubabatu, ciyawa ta cinye rabi. Jummai kuwa kullum da ƙwaryarta, kullum da Allah ya ba da lada. Daga baya na ji cewa tun ranar kasuwar da ta biyo ruwan fari, wani mai fataucin goro ya shaida mata a birni ya ga mijinta a Kano lafiya lau, yana jiran kayansa su iso ta jirgin ƙasa. Ita da Baba Suma'ila duk sun sani. Ka ga irin mutanen da Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da su.

Ranar da na kai kunyar ƙarshe, na miƙe ina dafe da ƙugu, sai na ga mutum tsaye a kan iyaka da laima a hannu. Ya rame, ya yi baƙi, amma shi ne. An tsare shi ɗin da gaske kafin ya iso Kano, ya yi ta sharar ofishin duwan, masu tsaron iyaka, har suka gaji da ganinsa suka sake shi. Ya dubi geron daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce sannu Mamman, ya wuce gida.

Aka taru ƙofar mai gari. Kada ka ce ban da masu goyon baya. Dattawa biyu sun ce mai cin ranin da ya bari damina ta same shi a waje ya zama ɗan can, kuma wanda ya zuba gumi shi ke da hatsi. Na ga Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. In aka ce aro ne, bana ba shi da damin gero ko ɗaya, baɗi kuma sai yadda ta yiwu.

Mai gari ya tambayi Baba Suma'ila ko ya ba da aro. Tsoho ya ce shi dai goro aka kawo masa, ya ci, ya gode, ba a tambaye shi komai ba. Aka aika a tambayi Jummai daga bayan zana. Ta ce ita mace ce, ina ita ina ba da gona, ta dai ga mutum yana aiki cikin rana ta ba shi ruwa, ko baƙo ne za ta ba shi. Mai gari ya juyo gare ni ya ce me ya faɗa mini ranar da na zo. Na ce ranka ya daɗe, ka ce in jira. Ya ce to, shukar da ba aro, ta mai gona ce. A mayar wa Mamman da ƙwaryar irinsa.

Ƙwaryar iri. Hannuwana duk kanta, bayana ba ya miƙewa.

Da aka tashi, mutane ba su watse ba, suna jiran su ji abin da zan ce, don sun san ni. Na ɗaga murya na ce a taya Ɗan Azumi murna, ga babban leburan Ankara ya dawo, wanda ya bar gonar ubansa ya tafi yi wa wasu bauta a wurin da ba nasa ba, har aka kama shi aka ba shi tsintsiya.

Ya buɗe laimarsa a hankali, ko hadari babu.

Ya ce, “Gaskiya ne, maƙwabci, ni da kai duk mun yi leburanci a wurin da ba namu ba. Sai dai ni da takarda na shiga, kuma an sallame ni. Kai ba izini, ba lada, sai ruwan Jummai. In kana son komawa baɗi, ka zo da wuri in duba ƙirjinka.”