Gefen Kabarin Nyaguthii

Tun da aka kawo ni aure ƙauyen nan nake maƙwabtaka da Thuku, kuma ban taɓa ganin ya yarda da wani ɗan Adam ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya juya ya dubi shanunsa. A wurin da muke kai madara, shi kaɗai ke sunkuyawa ya leƙa ƙarƙashin sikeli. Mutum ɗaya ya taɓa sakar wa jiki, matarsa Nyaguthii, ita kuma ta riga shi tafiya. A gonarsa ya binne ta, gindin bishiyar fiya, kamar yadda kowa ke binne nasa a nan. Ya bar wuri a gefenta, yana share shi kullum. Duk ƙauyen an san wurinsa ne.

Da titin kwalta ya iso, sai ga masu awon fili suna yawo da sanduna. Aka ce gunduma na so ta mayar da gonakin ƙauyen nan wurin gidajen zama, kuma za a yi taro a filin coci a ji bakin jama'a.

Na leƙa ta kan shinge na ce wa Thuku, "Baban Kiarie, ka shirya mu je."

Ya ce, "Maman Gathoni, ashe har yanzu ba ki yi wayo ba? Za su ba ku lemo da burodi, su ɗauke ku hoto, gobe a ce kun amince. Ni ƙafata ba za ta taka wurin ba. Wanda bai je ba, ai bai yarda ba."

"To wa zai faɗa musu ba ka yarda ba? Saniyarka?"

"Ke dai ki je ki sha lemo."

Wallahi haushi ya kama ni, amma maganarsa ta shige ni, don mun sha ganin irin haka. Ban je ba. Ya bi gida-gida a layinmu yana zuga mutane, kusan kowa ya zauna.

Mutanen ƙetaren rafi su suka cika wurin. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna hayaniya a kan shanunsu da kaburburansu, har aka bar musu nasu a matsayin gona. Namu ɓangaren, da ba wanda ya buɗe baki, aka shafa masa launin gidaje a taswira. Da labari ya zo, Thuku ko a jikinsa. Cewa ya yi dama can an gama shirya abin, har da hannun mai unguwa, da fasto, da ni.

Gidajen bulo suka fara tsirowa inda masara take. Sababbin maƙwabta suka dame shi da ƙorafin warin kashin shanu, yana zaginsu ta kan katanga. Ɗansa Kiarie, da ke aiki a Nairobi, ya fara zuwa akai-akai da sukari da nama. Thuku ya ce min, "Yaron nan ba ni yake zuwa gani ba. Kin lura da yadda yake taka gonar nan? Aunawa yake." Na ce masa ya ji tsoron Allah, ɗansa ne fa.

Da damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya kira Kiarie a gabana ya sa shi ya yi alkawarin gindin fiya. Kiarie ya yi, har da hawaye.

Ran da Thuku ya cika, samari suka ɗauki magirbi za su fara haƙa. Kiarie ya dawo daga wajen karɓar izinin binnewa ya ce su dakata. Wai an ce masa nan yanzu unguwar zama ce, ba a binne mutum a cikinta, sai maƙabartar gari.

Na ce, "Ɗana, ka roƙe su kuwa? Ka ce musu uwarka na kwance a nan?"

Ya ce, "Mama, doka ce," yana kallon wayarsa.

Ban sani ba ko ya roƙa. Abin da na sani, fili mai sabon kabari ba ya samun mai saye, kuma Kiarie ya san haka. Raina ya ɓaci har na kasa bin gawa. Ina tsaye a bakin shinge motar ta fito da akwatin, ta wuce bishiyar fiya, ta hau kwalta ta nufi gari.