Kofin Wankan Injin Merv Prowse

Shekara talatin Merv Prowse ya yi yana gyaran injin motocin wasa masu rimot a garin Whyalla, tun yana ma'aikacin lantarki har ya yi ritaya. A ƙungiyar masu tseren waɗannan motoci, duk wanda motarsa ta fara ja da ƙafa, rumfar Merv yake nufa. Sai Merv ya zare 'yan gawayin nan biyu da ke gugar tagullar cikin injin, waɗanda ake kira buroshi, ya sa sababbi. Daga nan ya tsoma injin cikin kofin ruwa, ya haɗa masa batir, ya bar shi yana juyawa har ruwan ya yi toka-toka. Ta haka sabon gawayi ke zama daidai. Kofin na shayin matarsa Glenys ne, ya ɗauke shi tun suna da ƙuruciya.

Sai aka kawo injin da ba ya buƙatar buroshi. Rumfar ta yi shiru. Masu tsohon inji suka rage biyu, shi da Dougie Stavrou. Ƙungiya ta ce ranar Lahadi in motoci biyu masu tsohon inji ba su tsaya a layi ba, an soke tserensu ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Merv ya zauna canza gawayin injinsa. Hannunsa rawa yake yanzu. Sau uku ɗan sifirin da ke danne gawayin yana tsalle ƙasa, shi kuma yana bin sa da rarrafe.

Glenys ta leƙo. "Me ka yar, tsoho? Haƙori?"

"Zo ki riƙe min nan, ki daina surutu."

"Ni da ka ce ko ƙwan lantarki ban iya sawa ba?"

Ta karɓa, ta maƙala sifirin a karo ɗaya. Bai gode mata ba. Ya tsoma injin a kofi, ruwan ya yi toka, ƙarar ta fito sumul kamar da.

Ran Lahadi ya riga kowa zuwa filin tsere. Dougie ya iso a makare, rungume da mota mai sheƙi. Da Dougie ya kunna ta, Merv bai ma buɗe ta ba, ƙarar kaɗai ta gaya masa sabon injin ne.

"Har da kai, mutumina?"

"Jikata ce ta saya min. In ce mata me? Ka bari a samo maka irinta, ba gawayi, ba wanka."

"To ni kuma in yi me ranar Asabar?"

Dougie ya duƙa yana gyara tayar da ba abin da ya same ta.

Mai kula da tseren ya ce Merv ya zagaya sau ɗaya shi kaɗai, don girmamawa. Merv ya ce shi ba gawa ba ne, ya mayar da motarsa cikin akwati.

Da ya koma gida ya zubar da ruwan tokar, ya miƙa wa Glenys kofinta. Ta wanke shi sau biyu, ta jera shi cikin sauran. Bai sake tambayar kofin ba.