Takwarana Mai Kofato

Ko na manta da komai na aikin barga, ba na jin zan manta da safiyar da Dakta Rakiya ta zo duba Takwara ta ƙi yi mini dariya. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan kun sha tambayata abin da ya sa nake ajiye tsintsiya in ƙura wa dabba ido duk lokacin da baƙi suka fashe da dariya a kanta. To ga dalilin, ku ji shi sau ɗaya ku bar ni in huta.

Sunana Habu, mutumin Damagaram ne ni. Aji biyu na yi a lakwal, wato makarantar boko, malamin ya kira babana ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Na yi shekaru ina tuƙa tasi a Washington har bayana ya ce ya gaji. Wata fasinjata, Madam Doris, wadda ta yi ritaya daga wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest, ita ce ta tambaye ni ko na san doki. Na ce mata a barga aka yanke mini cibiya. Gaskiyar magana jakuna biyu ne a gidanmu, ɗaya ma na aro ne.

Ranar da na fara zuwa gonarta a bayan Fort Washington, na ga dawaki ba wanda ya wuce ƙuguna, na tambaye ta ina iyayensu. Ta ce ai su ne iyayen. Ƙananan dawaki ne, haka irinsu yake, babba ba ya hawansu. Kiwonsu ake yi a kai su gasa, alƙali ya duba ƙirar jikinsu da tafiyarsu. Ana auna tsayinsu daga ƙasa zuwa inda gashin geza ya ƙare, kada ya wuce inci talatin da huɗu. A gonar Madam ce a sama, sai likita da mai gyaran kofato da suke zuwa lokaci-lokaci, sai ni a ƙasa: shara, wanka, aski, ba da abinci. In an tambaye ni muƙamina a masallaci, nakan ce ni ne shugaban sashen kashi.

Da wannan kan nawa na lissafa cewa tunda gasar ƙanana ce, wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi zai ci. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na gaya wa kaina, na kuma yarda.

A watan Afrilu goɗiyarmu Lili ta haihu ita kaɗai da sassafe, ɗan Kyaftin, ingarman da duk sunan gonar yake kansa. Na shiga na tarar da wani abu kamar ɗan akuya a cikin ciyawa. Yana tasowa sai goshinsa ya ƙara turowa, haɓarsa ta yi gaba, wuya babu, ciki ya yi tulu, ƙafafu gajeru suna ɗan buɗewa. Na nuna hotonsa a waya bayan sallar Juma'a, wani direba ɗan Maraɗi ya duba hoton, ya duba ni, ya ce, "Habu, ashe ka ajiye iyali a gonar nan ba mu sani ba." Daga ranar ya zama Takwara. Madam ta sa masa wani dogon suna na Turanci, amma shi ma nawa yake amsawa.

Na shagwaɓa shi, ban ɓoye ba. Da ya fara tsinkar ciyawa sai na ga tana zubowa daga bakinsa, na ce ɗan gata ne, ba ya cin abincin talakawa. Na riƙa jiƙa masa dusa da ruwan ɗumi kamar kunu ina ba shi a tafin hannuna. In ya ɗan ruga sai ya kwanta, ni ma in zauna kusa da shi mu huta tare. Yana munshari ko idonsa biyu. Baƙi masu zuwa ranar Asabar da 'ya'yansu ba sa kallon sauran dawakin, wurinsa suke taruwa suna dariya suna ɗaukar hoto, ni kuma in tura cikina in tsaya gefensa don dariyar ta ƙaru. Madam kan dube shi ta ce ƙafafun za su miƙe, ai da yawa ana haifarsu haka su miƙe daga baya. Ta sa ran kai shi gasar 'yan yaye a watan Satumba, ni kuwa har na zaɓi inda za a rataye kyautar.

Ƙa'ida ce kafin a kai dabba gasa sai likita ya ɗebi jininta ya tabbatar ba ta ɗauke da cuta. Madam ta ce tunda likita za ta zo, ta duba mata ƙirarsa gaba ɗaya ta faɗa mata ko ya cancanci shiga fili.

Dakta Rakiya Bakanuwa ce, a Largo take zaune, sa'ar 'yata ta fari. Zuwanta na farko ta zo ɗinke wa wata goɗiya ƙafa ne, a nan muka gane juna. Ga wanda bai sani ba, tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, ba babba ba yaro, ba likita ba mai shara. Takan fara gaishe ni da ladabi, tana gamawa sai ta ce, "To bawan gidanmu, ɗauko mini jakata." Ni kuma in ce, "Ku Kanawa ko allura kuka riƙe sai kun yi cinikinta." Ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba.

Ranar na yi wa Takwara wanka, na yi masa aski, na shafa wa kofatonsa mai. Ta iso da hantsi, muka yi gaisuwarmu da zaginmu kamar kullum, na jawo shi da ragama na tsayar da shi a kan siminti. Yadda ake duba ƙira shi ne a ja da baya a kalli dabbar daga gefe, daga gaba, daga baya, kafin a taɓa ta. Tana cikin wannan zagayen na fara wasana.

Na ce, "Likita, ga takwarana. Dubi goshin, nawa ne. Dubi haɓar, ta kakana ce. Wuya kuwa a gidanmu ba ma yin sa, ɓarnar nama ne. Ga tumbi, ga ƙafa irin ta masu kuɗi. Ba ya cin ciyawa, sai kunu a hannu. In ya yi taku kaɗan sai ya kwanta, kamar ni. Har munsharina ya gada."

Na tsaya ina jiran ta ce ai daman Damagarawa haka Allah ya yi ku. Na ba ta ƙofa a buɗe, ko yaron Kano ba zai bar ta ba. Ta tsuguna ta sa kunnenta kusa da hancinsa.

Ta ce, "Baba, munsharin nan, ko yana farke yake yi?"

Na ce, "Har yana cin abinci."

"Kunun kuma tun yaushe?"

"Tun da ya fara haƙora."

Baba kawai ta ce, ba bawa a bayansa.

Ta buɗe leɓɓansa ta ce in leƙa. Haƙoran ƙasa sun wuce na sama, ba sa haɗuwa, ba abin da zai tsinki ciyawa da shi. Ta ce in ja shi in tafi in dawo a kan simintin. Na tafi na dawo. Ta nuna mini gefen kofatonsa na waje, ya cinye, na ciki kuwa kamar sabo. A kan gefen ƙafa yake tafiya, kuma ni da hannuna na shafa wa wurin mai da safen nan. Ta bi bayansa da yatsu, ta matsa gwiwoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya janye ta hagu.

Ta miƙe ta ce, "Baba, ƙaramin doki na ƙwarai kamar babban doki ne da ka hango daga nesa. Komai ya ragu, amma tare ya ragu, kai da wuya da ƙafa. Wannan ba ƙanƙanta ba ce. Wada ne. Ƙasusuwansa ba sa girma yadda ya kamata, kayan cikinsa kuma suna girma. Duk abin da ka lissafa mini yanzu, shi ne abin da nake zuwa nema."

Na ce, "To ai ni ma haka nake, ga ni na haura sittin."

Ta ce, "Kai kana da kujera, Baba. Doki a tsaye yake rayuwa."

Ta juya ta yi wa Madam bayani da Turanci. Gasa babu ita, ba a karɓar wada a fili, ba a kuma barinsa ya yi barbara. Abin gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, ko da su kansu ba aibu a jikinsu. Madam ta nemi bokitin ruwa ta kife ta zauna a kai. Ta ce tun yana wata ɗaya ta gani, ba ta so ta kira likita ne don kada a faɗa mata. Ashe ita ta gani ta yi shiru, ni na gani na yi ta ba'a.

Aka tsige gashin wutsiya da saiwarsa daga Takwara da Lili da Kyaftin aka aika gwaji. Sakamako ya dawo yadda likita ta faɗa. Aka fiɗiye Kyaftin, aka daina haɗa Lili da kowane ingarma. Madam ta kira duk wanda ya taɓa sayen ɗan Kyaftin ta gaya masa ya gwada nasa. Wasu sun gode, wasu sun kashe mata waya.

Tambayar da ta rage ita ce ta ran Takwara. Likita ta ce wasu wadannin suna yin shekaru in an kula da su, nasa dai ya yi tsanani, a gwada a gani. Ana nan sai wani mutum mai kai dabbobi wuraren bikin ranar haihuwar yara ya ga hotonsa ya zo yana so. Na ja Madam gefe na ce ta ba shi, ai gara wannan da allurar mutuwa, can zai ci ya sha yara su so shi. Ta tambayi mutumin ko yara za su hau shi. Ya ce ƙanana kawai, don hoto. Ta raka shi har motarsa. Da ta dawo ta ce mini, "Habu, dariyar da aka yi masa ta isa." Ba ta ce da ni take ba. Ba ta bukatar ta ce.

Muka riƙe shi. Mai gyaran kofato ya manna masa wasu 'yan takalma don su daidaita takunsa, likita ta ba da maganin ciwon gaɓɓai, ni na ci gaba da kunu. Na hana baƙi zuwa ɗakinsa. Har ganye ya zube yana ɗan yawo a bayana. Da sanyi ya kankama jikinsa ya ƙara nauyi, ƙafafun suka ƙara lanƙwasa. Na fara zuwa da safe in tarar ya kasa tashi, in rungume ƙirjinsa in ɗaga shi, tsoho mai ciwon baya yana ɗaga ɗan doki mai ciwon ƙafa. Sai ya tsaya yana rawa, yana wannan munsharin da na riƙa kira gadona.

Da likita ta ce lokaci ya yi da za a yi masa allura a raba shi da wahala, na ce ban yarda ba, rai na Allah ne, shi zai karɓa. Ba ta yi mini gardama ba. Na je na tambayi malaminmu bayan Juma'a, ina so ya goyi bayana. Ya tambaye ni ko dabbar tana cikin azaba. Na ce tana ciki. Ya tambaye ni ko akwai magani. Na ce babu. Ya ce to in sani barin dabba cikin azaba ma abu ne da ake tambayar mutum a kansa, in je in duba ko don shi nake riƙe shi ko don kaina.

Wata safiya ce a watan Fabrairu, ƙanƙara ta daskare a bokitai. Na dama masa kunu, ya lasa kaɗan ya bari. Allura biyu ake yi, ta farko ta sa barci, ta biyu ta tsayar da zuciya. Madam ta tsaya a bakin ƙofa. Na zauna a ciyawa na ɗora wannan goshin nasa a cinyata. Bayan allura ta farko munsharin ya yi laushi. Bayan ta biyu ya tsaya. Tun da aka haife shi ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba sai ranar.

Dakta Rakiya ta saurari ƙirjinsa, ta gyaɗa kai, ta haɗa kayanta. Ta dube ni a zaune na kasa tashi, ta ce a hankali, "Bawan gidanmu, ɗauko mini jakata."

Na san don me ta faɗa. So take wasanmu ya tashe ni daga wurin. Na tashi na ɗauki jakar na kai mata mota.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku riƙe. Dabba ba ta yin abin dariya da gangan. In kun ga wadda tafiyarta ko fuskarta ko kukanta yake sa mutane ƙyaƙyatawa, ku buɗe bakinta, ku ɗaga ƙafarta, ku kira likita tun da wuri. Masu kiwon ƙananan dawaki ba mugaye ba ne, yawancinsu son dabbar ne yake rufe musu ido, kuma ƙanƙanta tana da daɗin kallo. Ni da nake wurin kullum na ga komai da idona, ban rasa ko ɗaya ba, sai dai kowanne na mayar da shi ba'a.

Matata ta daɗe tana cewa munsharina ba na lafiya ba ne, wai numfashina yana ɗaukewa, in je asibiti a Largo a duba ni. Shekara da shekaru ina ce mata kiɗan Damagaram ne, ta gode Allah da take jin sa kyauta. Bayan Takwara ta sake faɗa. Na sa hulata na tafi asibitin.