Tafiyar Lyon don ceto harufan Hajiya

Mun tashi daga Stains, a gefen Paris, ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, a tsohuwar motarsa da sai an lallashe ta take tashi idan an yi sanyi. Gari bai waye ba, amma tashoshin bas sun cika da masu zuwa aiki, kowa ya cusa hannu a aljihu. A kujerar baya mun ɗaure kwamfutata da bel kamar jaririya, kusa da ita ga fulas ɗin shayi. Lyon muka nufa, ko in ce Rillieux-la-Pape, unguwar dogayen gidaje da ke arewacinta.

Wanda ya kira mu tsohon malamina ne, shi ya koya mani lissafi a Tahoua kafin bincike ya kawo shi Faransa. Shekarun baya ya rubuta wani shirin kwamfuta da ke tsara littattafan yaƙi da jahilci da Hausa. A lokacin injinan buga takarda ba su san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, sai matarsa Hajiya, wadda ita ma malamar makaranta ce, ta zana su ɗigo-ɗigo, shi kuma ya saka su cikin shirin. Duk shekara suna bugawa su aika wa azuzuwan mata a ƙauyukan Ader, can yankin Tahoua. Bana faifan kwamfutarsa ya mutu da rubutun shirin na asali, bai jima ba injin bugawar ma ya bi shi. Sabon injin da ya samo ba ya jin umarnin da tsohon ke ji. Idanun Malam sun yi rauni, ba zai iya sake rubuta shirin ba. Ga mai kai littattafan gida yana haɗa kaya, karatu kuwa da an gama girbi ake farawa.

Abin da ya rage masa ƴan disket ne, ƙananan faya-fayan ajiya na da, masu ɗauke da abin da muke kira fishiye obje. Bari in yi bayani ga waɗanda ba sana'arsu ba ce. Mutum yana rubuta shiri da harshen da zai iya karantawa, sai kwamfuta ta juya shi zuwa lambobin da inji ke ganewa, ta ajiye su gunduwa-gunduwa kafin a haɗa su wuri guda. Waɗannan gunduwoyin su ne fishiye obje. Malam da kansa ya ce mani a tarho, "Hatsin ya ɓace, ɗana, gari ya rage." Ni da abokina kuwa mun daɗe muna aiki a kan wani ɗan ƙaramin kayan aiki da ke shiga irin waɗannan fishiye. Abu biyar kawai ya iya: ya buɗe, ya nuna sassan da ke ciki, ya karanta sashe, ya rubuta sashe, ya rufe. A wurin aikinmu ana yi mana dariya wai ya yi ƙanƙanta. Ba mu taɓa gwada shi a kan abin da wani zai yi kuka in ya lalace ba.

Babbar hanyar kudu tana da kyau har ta kan sa barci. Babu rami, babu jaki, babu mai tsayar da kai ya tambayi lafiyar gida. Sai dai kuɗin hanya, wanda abokina ya biya yana ƙunƙuni cewa da shi a gida sai a cika tanki a sayi rago. Mun tsaya a wani wurin hutawa muka leƙa kantin abinci. Duk burodin da muka ɗauka muka juya, sai mu ga naman alade a ciki. Muka koma mota muka ci dafaffen ƙwai da shayinmu, wani direban babbar mota ɗan Maroko ya miƙo mana dabino ta taga.

A yankin Bourgogne gonakin inabi sun rufe tuddai, ganye ya yi ja da rawaya, layi-layi kamar kitso. Abokina ya ce kaico, duk wannan noma don abin da ba za mu sha ba. Daga nan muka koma gardamar da muka saba: shi yana so mu ƙara wa kayan aikinmu dabaru iri-iri, ni ina cewa a bar shi yadda mutum zai riƙe shi duka a ka. Ba wanda ya ci, mun dai wuce mafitarmu saboda surutu, sai da muka zagayo.

Rillieux tana kan tudu, iska na kaɗawa tsakanin benaye. Na'urar hawa bene ta lalace, muka ɗauki kwamfutar a hannu muka bi matakala muna haki. Malam ya tarbe mu a bakin ƙofa da hularsa da rigar sanyi a kan jallabiya. Ya tsufa fiye da yadda na zata. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayar mahaifina, da mahaifiyata, da gajiya, da sanyi, da aiki, har ya sake komawa kan mahaifina. Hajiya ta hana a taɓa inji sai an ci abinci. Tuwon semul, wato tsakin alkama, ta yi da miyar kuka, da man shanun da aka kawo mata daga gida. Rabona da wannan ƙamshin tun ina gaban uwata.

Bayan azahar muka zauna. Na ɗauki kwafin disket ɗin tukuna, sannan na buɗe fishiye na farko. Sassan suka jeru a allo, Malam ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Yana jin na karanta sunayen da ya raɗa wa abubuwa sai ya fara dariya, don da Hausa ya sa su. Wurin da ke riƙe da umarnin injin bugawa ya kira shi "linzami", wurin harufan kuwa "kayan_hajiya".

"Ashe haka ka sa mani suna ban sani ba?" in ji Hajiya daga bakin kicin.

"To kayan wane ne?" in ji shi.

Aikin ba shi da wuyar faɗi: mu karanto linzamin mu sauya shi da umarnin sabon inji, mu daidaita harufan da yadda sabon ke karɓa, mu mayar, sannan a haɗa gunduwoyin a kwamfutar Malam da aka sa wa sabon faifai. Muka yi. Injin ya yi ƙara, takarda ta fito. Sauran rubutun lafiya lau, amma duk inda harafi mai ƙugiya yake, sai wani abu kamar tsagaggen ƙwaro. Malam ba ya gani sosai, sai ya tambaya, "Ya fito?"

Hajiya ta karɓi takardar ta kai ta taga. Ta duba ta ce, "Ba su lalace ba. Kun raba mani su biyu ne, kun sa hagu a dama." Nan take abokina ya dafe kai. Kwamfutar Malam tana jera lambobi babba kafin ƙarami, tamu kuwa ƙarami take farawa da shi. Wajen karantawa mun lura da haka, wajen mayar da harufan muka manta. Da yake ƙofar rubutawa ɗaya ce tak a kayan namu, ba mu sha wahalar neman wurin ba. Kafin la'asar ta wuce aka sake bugawa, kalmar "ƙasa" ta fito da ƙugiyarta tsaf. Malam ya shafa takardar da yatsa, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce sanyin garin nan ne ke sa masa hawaye.

Ina shirin kashe inji Hajiya ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. "Ɗana, wannan abin naku, tunda yana mayarwa, zai karɓi sabo?" Na ce zai karɓa. Ta ce ƴ ɗin da ta zana tun farko bai taɓa yi mata ba, ƙugiyarsa ta yi gajarta, mata suna ɗaukarsa y ne. Ta sha roƙon Malam ya gyara yana cewa sai an samu lokaci. Ta zana sabo a takarda mai gida-gida, ina shigar da ɗigon tana cewa a ɗaga wannan, a sauke wancan. Malam na gefe yana cewa shi dai bai ga laifin tsohon ba. Ta ce ai shi ya sa.

Washegari suka matsa sai mun ga gari kafin mu tafi. Muka sauka Lyon, muka tsaya a kan gada muna kallon ruwa. Koguna biyu ne suka ratsa birnin, ɗaya mai gaggawa ɗaya mai natsuwa. Muka bi tsofaffin lunguna masu duwatsu, muka sayi wata waina mai ruwan hoda da zaƙinta ya kai a nemi ruwa. Malam na riƙe da hannun Hajiya a matakala, yana nuna mana gine-ginen da ya sani da ka. Da muka dawo, injin na ta aiki, littattafai sun fara taruwa a kan tebur.

Mun kamo hanya da rana, da kilishi da sauran miya a bayan mota. Ruwan sama ya raka mu har ƙofar Paris, cunkoso ya karɓe mu, muka iso Stains bayan magariba lafiya.

Tun da na fara wannan sana'a nake ganin aikina na can ƙarƙashin inji ne, inda ba ruwan kowa a gida da shi. Tafiyar nan ta gyara mani tunani. Nan da ƴan makonni wata mata a wani ƙauyen Ader za ta ɗora yatsa a kan ƴ, ta gane shi a karo na farko, ta wuce zuwa harafi na gaba. Ba za ta san da Hajiya ba, balle mu. Ni kuwa na san hanyar da harafin ya bi kafin ya iso gabanta, kuma wannan ya ishe ni.