Zumar Baba da Ƙafar Inna

Innarmu ba ta taɓa ɗaukar kiwon zumar Baba a bakin sana'a ba. Duk ran da ya dawo daga duba amyoyinsa a kan ɗorawoyin Rurum da kumburarren ido, sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ma rantse zumar ba za ta taɓa shiga bakinta ba. Ita imaninta na ga kafso ja-da-yalo. Ciwon kai, gudawa, ko kaza ta yi sanyi, duk shi ne.

Da fartanya ta sare ta a ƙafa a gonar gyaɗa, sai ta ɓare kafso ta barbaɗa. Ta yi ta barbaɗawa tana haɗiya, ciwo kuwa ya zama gyambo, har wari yake. A asibiti likita ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da maganin, ba ya yi musu komai. In ba a yi sa'a ba, sai an yanke ƙafar. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ya canza mata magani zuwa allura, ya ce a riƙa wanke ciwon ana shafa zuma tsantsa, ba ta kasuwa mai haɗin sukari ba.

"Zumar wa?" in ji Inna.

Baba ya hau gyara hula.

Kullum da safe shi ke wanke ƙafar da kansa. Ya ɗebo zumar a hankali, ya ɗaga cokali sama. "Ke, me kika ce ne game da ƙudajena?"

"Malam, shafa ka tashi."

Ya sunkuya ya shafa mata, yana ci gaba da tsokanarta.

Sai kwalbar zumar ta fara ƙarewa da wuri. Aka zargi tururuwa, aka zarge ni. Wata rana da hantsi na ɗaga labule na tarar da Inna da yatsa a baki. Ta harare ni, ta ce ai ciwon daga ciki ma yana buƙata.

Ƙafa ta warke, sai tabo. Da Baba ya saƙa sabuwar amya, Inna ce ta ɗauke ta a ka, tana ɗingishi a bayansa har gindin ɗorawa. Tana tsaye yana hawa, ta ɗaga murya:

"Malam, bi a hankali! In ka faɗo wa zai kula min da ƙudajen?"