Notin da Ya Kwance da Hannu

Mota uku ta ƙarfe na yi wa wani Alhaji mai narkar da ƙarfe a Kano alkawari, kuma a sana'armu ta gwangwan mota uku ba ta zama biyu da rabi. Ranar da na saɓa wannan alkawari ba ta taɓa fita raina ba. Ita nake ba yaran shagona labari duk sanda na ga suna gaggawar kunna wutar yanka.

Gwanjon kayan wata tsohuwar masana'anta na ci a bayan garin Kankiya, inda a da ake ƙera gadajen ƙarfe da kujerun makaranta. Mu da muka tashi a garin mun san ta da ranta. Da jiniyarta mata ke ɗora tukunyar rana, da yamma kuma kekunan ma'aikata su cika titi har mota ta rasa hanya. Ƙarshen wata mahauci ba ya kai la'asar da nama. Daga Kunduru har Boko, da wuya ka shiga ɗakin amarya ba ka ga gadon wannan wuri ba. Ranar da na shiga da takardata, awaki na tarar kwance a ofishin manaja.

Ga wanda bai san aikin ba, in ka sayi gwanjo ba inji ka saya ba, nauyi ka saya. Abin da ya kwantu a kwance, saura a yanka da wutar gas yadda zai shiga mota, a hau sikeli. Wuta na taɓa shi, ya tashi daga inji har abada.

Muna ta yanka, tsofaffin ma'aikata kuwa suna zuwa su zauna gindin bedi suna kallo, kamar masu zaman makoki. Muka cika mota biyu, muka iso kan injin lanƙwasa bututu, wanda shi kaɗai ne rabin mota ta uku.

Duk notin da muka taɓa a wurin nan sai da guduma, tsatsa ta cinye shi. Na ɗora sifana kan na wannan injin, sai ya juya. Na ƙarasa shi da yatsu. Giris ne sabo a hannuna. Na ce wa Sani mai yanka ya dakata, na tambayi na gindin bedi wa ke taɓa injin nan.

Wani dattijo ya miƙe, Malam Iro daga Kusada, wanda shi ke tuƙa injin tun yana saurayi. Ya ce lokacin da aka rufe, cewa aka yi hutu ne, bayan damina za a dawo. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ya biyo, mai gadi ya buɗe masa, ya shafa mai, ya juya ƙafafun injin, ya tafi.

"Ba wanda ya zo ya ce mani an fasa," in ji shi.

Sani ya ce, "Baba, ai da gwiwarka ka shafa ma wa man nan."

"Gwiwa ta gama aikinta, ɗana. Wanga bai gama ba."

Na zaci roƙona zai yi, har na shirya amsa. Sai ya ce gwangwanin giris ɗinsa na ƙarƙashin injin, shi kaɗai yake so in ba shi kafin a kunna wuta.

Ni ba tausayi nake ci ba. Tambayarsa na yi me injin zai iya yau. Ya ce amalanken shanu, ƙofofi, gadaje, duk abin da mutanenmu ke zuwa birni saye. Sai na ce wa Sani ya naɗe tiyon gas ɗinsa.

Mota ta uku ta tafi rabi. Alhajin Kano ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne, kuma bai sake kirana ba. Injin na kai shi wata rumfa a bakin hanyar Kusada, na haɗa da janareto. Malam Iro na zaune kan benci yana yi wa samari huɗu faɗa, su kuma suna fitar da amalanke gabanin kaka. In mai ya yi tsada, sai a rufe.

Gaskiyar lissafi, na rasa babban abokin ciniki, kuma har yau injin bai mayar mani da kuɗin nauyinsa ba. Jiniya ba ta dawo ba, ni da kaina na auna ta a sikeli cikin gwangwan. Abin da na samu shi ne samari huɗu da ba su tafi Legas ba, da doka ɗaya a shagona: kafin ka kunna wuta, fara gwada sifana. In noti ya kwance da hannu, akwai mai shi, a nemo shi.